Illelar Yahuza da Illelar Badi'a

Idan ka sauka Tajaye ka tambayi gidan Yahuza, za a ce maka wane Yahuzan, don suna da yawa. Amma ka ce Yahuza Rediyo, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka da haɓa. Ba ma sai an nuna maka ba. Ka tsaya ka kasa kunne, inda ka ji murya ɗaya tana ba da labari, tana tambaya, tana kuma amsa wa kanta, to nan ne gidan.

Haka Allah ya yi shi tun yana ƙarami. Tsohuwarsa A'i takan ce duk 'ya'yanta da kuka suka zo duniya, shi kaɗai ya zo da bayani. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi 'yan shekaru, har malamin da ke koya musu ya gaji ya tako gida da ƙafarsa, ya ce wa uban aji ɗaya ba ya ɗaukar malami biyu. Uban bai yi gardama ba. Ya ce yaro ya biyo shi gona, ai gero ba ya gajiya da saurare.

Da ya tasa sai ya bi sawun samarin garin zuwa ci-rani. Ya sayar da shayi a Lome, ya yi dako a Kwatano, ya taɓa Abijan, ko'ina kuma ya bar mutanen da har yau in aka ambace shi sai sun dafe kunne suna dariya. Abin da ya tara bai gina soro da shi ba, babur ya saya, ya dawo gida ya zama ɗan kabu-kabu. Da damina yana gona, da rani yana kan hanyar Tajaye zuwa Illela, yana kai mata awo, yana kai tsofaffi buro, ofishin hukuma, neman takarda, yana ɗauko awaki ranar kasuwa a ɗaure a bayansa suna kuka yana ba su haƙuri. Babu ramin da bai sani ba a hanyar nan, wasu ma ya raɗa musu suna.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: Yahuza ba ya sauraro. Kana fara magana zai cafke ta daga tsakiya ya ƙarasa maka, ya kai ta inda ba can ka nufa ba. Wata rana wani bawan Allah ya tare shi, hannu a kunci, ya ce, "Kai ni wurin li…" Yahuza ya ce, "Liman! Hau mu tahi." Mutumin nan haƙori ke cinsa, likita yake nema, amma bakinsa ya kumbura, ga shi babu ƙofar da zai sa magana. Sai da aka kai shi zauren Liman aka tofa masa addu'a tukuna aka gane. Duk da haka ba ka jin mai ƙin Yahuza a garin. Ba ya fushi, ba ya riƙo, kuma in ciwo ya kama wani, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, shi ne zai fito da babur.

Mutum ɗaya ce tak a duniya in ta shigo wuri rediyon nan ke mutuwa, ita ce Badi'a, ɗiyarsa ta fari. Yahuza mutumin da ne a wannan fanni, kunyar ɗan fari ya riƙe ta da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kallonta ido da ido, ba ya zama inda take zaune. Matarsa Uwani ta ma fi shi, ita in yarinyar ta gaishe ta sai ta amsa wa tukunya. Tun da aka yaye Badi'a aka ba ƙanwarsa Sakina riƙo, wadda ke aure a Konni gidan wasu 'yan kasuwa da asalinsu mutanen Sakkwato ne. Can ta girma, kuma da yake 'ya'yan gidan duk makarantar Ingilishi suke yi a tsallaken iyaka, ita ma can aka sa ta. Kullum da safe su tsallaka, da la'asar su dawo.

In ta zo hutu Tajaye, duk maganar da ke tsakaninta da ubanta ta bakin kakarta A'i take bi. Yana tsaye a tsakar gida, yarinya na zaune taku uku daga gare shi, zai ce, "Inna, a tambayi baƙuwar taku ko ta ci abinci." A'i ta juya ta tambaya, ta juyo ta kawo amsa, wani lokaci ta ƙara nata gishirin. To amma kada wannan ya ruɗe ka. Yahuza yana son yarinyar nan son da ba ya yi wa kowa. Fasinjan da ya hau bayansa bai isa ya sauka bai ji labarin ɗiyar Sakina ba, mai Ingilishi kamar ruwa, wadda lissafi ke gudu in ya gan ta. Kowa ya san ɗiyar wa ce, kowa kuma yakan bar shi da ɗiyar Sakinarsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Illela biyu ce. Akwai ta arewa, babban garin su Yahuza, inda buro yake da kasuwa da likita, wadda in ɗan Tajaye ya ce Illela ita yake nufi, babu wata. Akwai kuma ta kudu, cikin Najeriya, da ka fita Konni ka tsallaka iyaka ka shiga cikinta. Ɗan Konni in ya ce Illela wannan yake nufi, shi ma babu wata. Mutanen Tajaye ba sa ma kiran ta kudun da sunanta, boda suke ce mata, kasuwar boda, kayan boda. Kowane ɓangare yana zaune lafiya da Illelarsa, ba wanda ya taɓa ganin dalilin ƙarin bayani.

A shekarar da Badi'a ta kai ajin ƙarshe, aka sa mata ranar jarrabawar shiga jami'a, wadda 'yan Najeriya ke kira Jam. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, wanda ya rasa ranarsa kuwa sai ya jira wata shekarar. Ana cikin haka Sakina ta haifi autanta, gida ya cika da 'yan barka da kukan jariri, babu lungun da mutum zai buɗe littafi. Sai aka ce Badi'a ta tafi Tajaye ta yi 'yan kwanaki, ta yi karatu cikin natsuwa, ta kuma karɓi albarkar kakarta.

Ran da ta iso, saƙo ya bi hanyar da ya saba bi. A'i ta ce wa Yahuza yarinya ta ce jarrabawarta ran Asabar ce, a Illela, kuma ƙarfe tara na safe ake rufe ƙofa, wanda bai shiga ba shi ke nan. Yahuza ya ji kamar an ba shi kujerar Makka. Nan take ya haɗa lissafinsa: ai shi ya sa aka turo ta gida, don jarrabawar a Illelarsu za a yi. Kuma ba abin mamaki ba ne, Saminu ɗan maƙwabcinsa da ya yi Bak, jarrabawar gama sakandare, ba a can ya yi ba? Kwana da kwanaki yaron nan ya yi ana tatsarsa, safe da yamma, ya dawo ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ashe manyan jarrabawa duk Illela ake kawo su. Ya ce a faɗa wa baƙuwa ta kwantar da hankalinta, shi da kansa zai kai ta.

Ran Alhamis Sakina ta kira shi a waya. Ta ce, "Yaya, ka maido min yarinya gobe ta kwana nan, ka san Illela…" Iyakar abin da ta samu faɗa ke nan. Yahuza ya karɓe. Ya ce Illela mi? Shi za a faɗa wa Illela? Shekara nawa yana bin hanyar nan, wa ya taɓa cewa ya makarar da shi? A wahalar da yarinya a kai ta Konni don mi, ita da ke neman hutu? Daga nan ya shiga labarin ranar da ya kai wata mai naƙuda cikin ruwan sama, ya fita ya shiga na wani ɗan jandarma da ya taɓa ba shi lemu. Yana tsakiyar na uku kuɗin wayar Sakina suka ƙare. Ta bi wayar da harara, jariri ya tsala kuka, ta ce a ranta ai dai ya ce ya san hanya.

Ita Badi'a hankalinta bai kwanta ba. Ta san tafiyar da ta yi kafin ta iso Tajaye, ba kusa ba ce. Ran Juma'a da la'asar ta raɗa wa kakarta ko za a ce wa Baba su kama hanya yau. A'i ta kai saƙo, ta dawo da amsa: Baba ya ce Illela bayan ɗaki ce, ko da rarrafe aka tafi za a isa kafin tara. Ta sake aikawa ko za su fita da an sallame asuba. Amsa ta dawo cewa ba a shiga jarrabawa da cikin wofi, sai an sha kunu. Yarinya ta haƙura. Ta ce wataƙila 'yan kabu-kabu suna da tasu hanyar daji da ke yanke tafiya, kuma wace ce ita da za ta koya wa ubanta hanya? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma a gidan nan babu mai tambaya, ɗaya kunya ta hana ta, ɗaya baki ya hana shi.

Shi kuwa shiri yake yi na mutumin da zai yi kwanaki. Ya sa Uwani ta daka fura mai yawa, ta yi dambu, ta soya ƙuli. Ya naɗe tabarma biyu, ya ɗauko buta da bargo, duk da zafin bazara da ake yi, don an ce masa mai karatu yakan ji sanyi. Ya aika wa wani amininsa a Illela cewa yana tafe da baƙuwa, a share ɗaki. Da gari ya waye ya wanke babur har yana ɗaukar ido, ya sa rigar sallarsa, ya ɗaure kaya a baya da roba, tuli guda. Aka sha kunu a natse. A'i ta tofa wa jikarta addu'a a ka, Uwani ta leƙo ta bakin ɗaki ta ce wa iska Allah ya ba da sa'a. Badi'a ta hau, ta takure tsakanin kaya da bayan ubanta, tana ƙoƙarin kada ta taɓa shi.

Suka fita gari, Yahuza ya miƙi hanyar arewa. Da yake ba zai yi magana da ita ba, kuma ba zai iya yin shiru ba, sai ya riƙa yi da duk abin da suka wuce. Ya gaida masu amalanke, ya yi wa wani jaki faɗa, ya gaya wa wani rami cewa yau ba zai same shi ba. Badi'a na baya tana kallon rana. Ran da ta zo daga Konni ta san ta inda ta shigo garin, yanzu kuma ga shi sun ba wajen baya. Ta ce bari dai, wataƙila za a karkata a gaba. Aka wuce gonaki, aka wuce wata rijiya, ba a karkata ba. Ta buɗe baki ta rufe ya fi sau uku, sannan ta daure ta tambayi iska.

"Wai ita hanyar nan, ina ta nufa?"

Yahuza ma iskar ya ba amsa, da fara'arsa. "A faɗa ma mai tambaya, Illela ta nufa. In an hau tudun can ma ana hango ƙarfen waya."

Badi'a ta ce, "Baba, Illelar boda ce fa."

Ya taka birki har kayan baya suka turo ta ta bugi kafaɗarsa. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, bai juyo ba. Abin da ya yi kwanaki yana ginawa a kansa ya rushe lokaci guda, ya ji maganar Sakina da ya katse ta dawo masa, ya ji saƙonnin jiya guda biyu, duk ga su a fili kamar tafin hannu. Ya ciro waya ya duba, bakwai ta wuce da ɗan dama. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san tsakaninsu da boda tafiya ce ta gaske, kuma in ƙofar nan ta rufe, shekara guda ta ɗiyarsa ce ya cinye da bakinsa. Ya ce innalillahi a hankali, ya juya kan babur.

A'i na zaune a ƙofar gida tana tsinke zogale sai ta ga ƙura ta taso, ga ɗanta ga jikarta. Yahuza bai kashe babur ba, ya zaro wuƙa ya yanke robar, tabarmi da bargo da ƙwaryar dambu suka zube a gabanta. Tsohuwa ta ce, "Har an gama?" Yahuza ya ja babur suka wuce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa tambaya ya wuce bai ce komai ba, sai ta ajiye zogalen ta ɗauko carbi.

Tafiyar da aka yi ranar, masu gonakin bakin hanya sun daɗe suna ba da labarinta. Abu ɗaya ya faɗa da suka fita gari, shi ma ba da kowa ba: "A riƙe da kyau." Badi'a ta ga kunya ba za ta hana ta faɗuwa ba, ta damƙe rigar sallar nan da hannu biyu. Suka ci jar hanya, ƙura ta mai da farin hijabinta ja. Suka hau kwalta. Lokacin kwasar albasa ne, manyan motoci sun cika hanya suna tafiya kamar masu ciwon baya, Yahuza ya riƙa ratsa su ɗaya bayan ɗaya yana salati a zuci. A Tsarnawa mai ya yi ƙasa, ya tsaya wurin masu sayarwa a kwalba, aka juye masa, ya miƙa abin da hannunsa ya kamo. Mutumin da yakan yi ciniki a kan allura har mai kaya ya gaji ya bar masa, yau ko canji bai tsaya karɓa ba. Waya kuwa sai kuka take a aljihunsa, ya san Sakina ce, ya bar ta tana yi.

Da suka shiga Konni ya sunkuyar da kai ya wuce bakin layin gidan ƙanwarsa kamar wanda ya ci bashin unguwar. A bakin iyaka ma'aikaci ya ɗaga hannu, ya tako a hankali irin na wanda ba shi da inda za shi. A rana irin ta kullum da sai ma'aikacin nan ya ji tarihin Tajaye tun daga kafuwarta. Yahuza ya nuna bayansa da babban yatsa ya ce, "Jarrabawa. Ƙarfe tara." Mutumin ya dubi yarinya, ya dubi ƙurar da ke girarta, ya dubi agogonsa, ya saki igiya da sauri yana cewa Allah ya sa a dace. Na tsallake ma haka ya yi.

A cikin Illelar boda Yahuza baƙo ne, bai san ko lungu ɗaya ba. Nan fa dole ta sa ya yi abin da bai saba ba, ya saurara. Badi'a na cewa dama, ya yi dama, tana cewa hagu bayan masallaci, ya yi hagu, babu gardama babu ƙari. Suka ɓullo gaban wata makaranta mai dogon gini, layin ɗalibai ya ƙare saura mutum biyu, mai gadi ya riga ya jawo ɓangare ɗaya na ƙofa. Tun babur bai gama tsayawa ba ta dira, takalminta ɗaya ya fita, ta koma ta zura, ta ruga. Yahuza ya ga jan hijabin nan ya shige, ƙofa ta rufe a bayanta. Ya sauka, ya zauna a ƙasa da rigar sallarsa.

Iyaye na zaune gungu-gungu a inuwa suna hira. Da ya je cikinsu, da ya ji yadda abin yake tun da wuri. Amma kunyar abin da ya yi ta hana shi, gani yake kowa ya sani. Da numfashinsa ya dawo sai wata damuwar ta taso: ga yarinya za ta yi kwanaki ana tatsarta kamar Saminu, ga guzuri ya zubar a Tajaye. In an sako su hutun azahar me za ta ci, a kan me za ta zauna? Ya tura babur wurin wani bakanike don sarƙa ta saki, ya shiga kasuwa da ƙafa. Ya canza kuɗi, ya sayi tabarma sabuwa, ya sayi fura da nono, ya sayi tsire, ya sayi biredi da sardin, ya ƙara da dabino don an ce yana buɗe ƙwaƙwalwa. Kasuwar boda ba ƙarama ba ce, ya ɓata sau biyu, kuma sau biyun ya tambaya ya tsaya ya ji amsa har ƙarshe.

Rana ta kusa tsakiya ya karɓo babur ya dawo da kaya niƙi-niƙi. Daga nesa ya hango ta. Tana zaune ita kaɗai a gindin wata bishiyar bedi a wajen ƙofa, ta haɗa kai da gwiwa. Waɗanda ya bari a inuwa duk sun watse, wasu sababbin fuskoki ne ke layi. Zuciyarsa ta yanke. Shi ke nan, sun duba agogo sun koro ta, tun ɗazu tana nan zaune yana can yana cinikin dabino. Ya ajiye babur, ya tako kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Babu A'i a nan, babu iskar da za a aika. Ya durƙusa a gabanta, ya dube ta sosai, abin da bai yi ba tun tana cikin zane.

"Sun hana ki, ko? Laifina ne, ba na kowa ba. Ke kin faɗa, gwaggonki ta faɗa, ni ne ban ji ba. Ki yafe mini. Baɗi in Allah ya kai mu, a bakin ƙofar nan za mu kwana tun ran Laraba."

Badi'a ta ɗago. Ashe gyangyaɗi take, gajiya ce ta kwashe ta. Ta dubi ubanta a durƙushe, ta dubi tabarma da ƙullin tsire.

"Baba, ai an gama."

"An gama mi?"

"Jarrabawar. Awa biyu ce. Na shiga, na yi, na fito."

Ya ce awa biyu yau, sauran fa? Ta ce babu saura. Ya ce Saminu fa da ya yi kwanaki? Ta ce wancan Bak ne, wannan a kwamfuta ake yi, darasi huɗu a zama ɗaya, lokaci na cika na'ura ta rufe kanta. Ya zauna daɓas a kan sabuwar tabarmar da ko warware ta bai yi ba. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, sai ya ɓoye abin cikin faɗa. Ya ce wannan wane irin rashin ta-ido ne, yarinya ta yi shekara goma sha biyu tana tsallaka iyaka safe da yamma, a auna ta a awa biyu? Ko wake aka ɗora ai ya fi haka daɗewa a wuta. Badi'a ta sa hijabi ta rufe baki, dariya ta ƙwace mata, shi ma ya biye mata, har masu layi suka juyo suna kallonsu.

Ya tura mata tsire, ya kawar da kai, sannan ya tambaya a hankali ko da wuya. Wayyo, ashe madatsar ruwa ya buɗe. Ta ce tun a ƙofa na'urar duba yatsa ta ƙi karɓar nata saboda ƙura, ta goge a hijabi, hijabin ya fi yatsan ƙura, sai da wata yarinya 'yar Gwadabawa ta zuba mata ruwan leda. Ta ce akwai agogo a kusurwar kwamfuta yana cin lokaci da baya da baya, in ka dube shi sai ka rikice, don haka ta daina dubawa. Ta kwaikwayi yadda mai tsaron ɗakin ke tafiya, ta kwaikwayi wani yaro da ya yi ta danna abu ɗaya yana kiran sunan uwarsa. Yahuza ya buɗe baki zai kawo labarin wani abu makamancin haka da ya gani a Lome, ta ce, "Tsaya, Baba, ban kai wurin ba," ta ci gaba. Ya rufe bakinsa yana kallonta da mamaki. Shekara goma sha takwas yana zaton ɗiyarsa shiru-shiru ce irin uwarta.

Sakamako sai bayan kwanaki zai fito, ranar ba ta shi ake ba. Ya ɗaure kaya, ta hau, suka kamo hanyar Konni a hankali, har masu keke na wuce su. Tana baya tana zuba, ta gama na Ingilishi ta shiga na lissafi, ta kawo tambayar da ta tsaya mata a wuya, wadda ta bari sai ƙarshe, ga agogo saura kaɗan. Daidai nan suka iso bakin layin gidan Sakina. Yahuza ya hango ƙofar gidan, ya san da sun shiga za a taru a kansu, Sakina za ta wanke shi tas, yarinya za ta shige ɗaki, shi kuma ya koma aika saƙo ta bakin mutane. Sai ya karkata gefen hanya, ya tsaya a inuwar wani shago da ke rufe, ya kashe babur.

"To," ya ce, bai juyo ba, "sai mi ya faru?"